Safar Hannun Baba

Zawaciki, Kano
Talata bayan Ista

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu. Ka ga har na fara yadda ka koya mini, lokacin da kake zaunar da ni a kan tabarma in rubuta maka saƙo zuwa gida wurin su Kaka. Saura kaɗan in ƙara da cewa ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana da rai ma, ni za ka miƙo wa ita ka ce in karanta maka, wai idonka ya gaji, alhali duk mun san karatun ne ba ya yi maka daɗi. Amma akwai maganar da ta tokare mini ƙirji wata bakwai, jiya na faɗe ta a gaban mutane, kuma ba daidai ba ne kowa ya ji ta, kai da abin ya shafa ba ka ji ba.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ka fara tambaya. Mama tana nan lafiya, sai ƙafar nan da ke damunta in ta daɗe a tsaye. Ta koma zumuntar mata, kuma har yanzu ita ce mai buga tulu in ana waƙa, ta ƙi sakar wa kowa. 'Yarka Saratu ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka, Yakubu. Ba wanda ya iya kiran sunan a gaban Mama, sai muke ce masa Baba Ƙarami. Yana da faɗin goshinka da ƙarfin kuka. Zogalen da ka shuka a bayan ɗaki ya wuce katanga, maƙwabta suna tsinka ba sallama kamar yadda suka saba. Kekenka yana nan a zaure, tayoyin sun sace, Mama ta hana a taɓa shi. An zuba kwalta a rabin titinmu, aka tsaya daidai inda ruwa yake taruwa. Masaƙar nan ta Sharada da Mama ta yi aiki kafin a haife ni, na wuce ta rannan, ta koma wurin ajiye kaya, ba ƙarar inji ko ɗaya. Zafi kuwa na bana sai wanda ya gani, mangwaro ya cika gari.

To, ga maganar. Baba, na sa maka safar hannu. Ka ce kada in sa, na ce to, kuma na sa. Da hannuna na yi, ba wanda ya tilasta mini.

Ka tuna lokacin da nake ƙarami, na ɗauka duk uba faratansa shuɗi ne? Da na ga hannun malaminmu na firamare sumul, tausayinsa na ji, na zaci ba shi da 'ya'ya. Shekara talatin da ɗoriya ka yi a kamfanin fata a Challawa, a teburin da fatun awaki da na tumaki suke fitowa jiƙe daga manyan gangunan sinadari. Aikinka shi ne ka matsa fata tsakanin babban yatsa da manuni, ka san ta yi ko a mayar da ita. Kamfani yana ba ku safar roba mai tsawo har gwiwar hannu. Ta hagu kawai kake sawa. Ta dama kuwa sai ka soke ta a aljihu, ka ce fata da yatsa take magana, ta cikin roba ba a jin abin da take faɗa. Shugabanni nawa suka yi maka faɗa a kan haka? Daga baya su da kansu suke kawo maka fatar da suke shakka, su ce ka taɓa.

Hannun daman nan shi ya sha wuya. Faratan sun yi kauri sun rine, fatar yatsun ta tsattsage, babban yatsan ya ɗan lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Ga warin da ba sabulun da ya iya da shi. Kowace yamma in ka dawo ka jingine keke, Mama takan fito da gwangwanin man kaɗanya, ta zauna a kan turmi, ta ɗora hannun a cinyarta tana shafawa tana mita, kai kuma kana ce mata ta yi a hankali kada ta ɓata maka kayan aiki. Da wannan hannun kake fere mana rake ranar Asabar. Shi kake ɗora mini a goshi in zazzaɓi ya kama ni, kaushinsa yana kartar fatata, kuma ban taɓa jin abin da ya kwantar mini da hankali kamarsa ba. In ka goya ni a ƙarfen keke zuwa coci, hannun nan nake kallo a kan sitiyari tun daga gida har mu isa.

Malam Habu ma hannunsa haka yake, tunda teburi ɗaya kuke tsayawa, kai nan shi can. Mutumin Jigawa, mazaunin Dorayi, mai yawan shiru. Fatar da aka jiƙa ba ta san hutu ba, in an bar ta ta lalace, saboda haka dole wani ya tsaya ranar biki. Ku biyu kuka raba abinku ba takarda ba shaida: kai kake tsaya masa ranar Sallah, shi yake tsaya maka Kirsimeti da Ista. Kullum kana tsokanarsa cewa ya cuce ka, don bayan Babbar Sallah fatu suke zuwa kamar ruwan sama, shi kuma sai ya yi murmushi ya ce ai naman layyarsa ne yake toshe maka baki. Ranar Asabar kafin Ista yakan biyo ya yanka mana kaji, don Mama ta ce ba za ta dafa abin da baƙonta ba zai ci ba. Ranar Lahadi in ya tashi daga aiki sai ya zo da la'asar, ya yi muku barka, ku zauna a zaure da kwanon acca a tsakaninku, hannuwa biyu masu shuɗin farce suna shiga suna fita.

Ista ita ce bikinka, ta fi maka Kirsimeti. Da asuba in mata suka fara waƙar ya tashi, ya tashi a harabar coci, kai ne namijin farko da ke tsaye a bakin ƙofa. Kana tsokanar Mama cewa Ubangiji ya san abin da yake yi da ya fara ba mata, ba maza ba, labarin tashinsa, don da maza ya ba, da har yanzu suna taro a kan wanda zai faɗa. Ranar Litinin kuma a tafi Galili. Ina yaro na ɗauka da gaske Galili tana bakin kogin Challawa, ƙarƙashin itatuwan mangwaron nan da ikilisiyarmu take taruwa da tabarmi da kuloli. Kai ka gaya mini cewa suna ne kawai muka ara, domin da Yesu ya tashi ya aika wa almajiransa su je Galili, a can za su gan shi. Shi ya sa muke fita daga coci mu je fili, mu ci, mu yi waƙa, wanda yake da shaida ya tashi ya bayar.

Kai ba ka taɓa tashi ka ba da shaida ba. Kujeru kake ɗauka, jarkokin ruwa kake kawowa, in an kira ka sai ka ce bakinka bai iya taro ba. Amma wa'azi ɗaya kake da shi, kuma kowace shekara sai mun ji shi a kan tabarmarmu, muna cin dafa-duka. Kakan ce abin da ya fi ba ka mamaki ba tashin ba ne, hannun ne. Wanda ya iya fita daga kabari ai ya iya fitowa da hannu sabo sumul. Amma ya fito da ramin ƙusa, ya shiga wurin abokansa da suka kulle kansu don tsoro, ya miƙa musu, har ya ce wa wanda ya yi shakka ya sa yatsa ya ji. Da haka suka gane shi. Sai ka ɗaga hannunka na dama ka ce jikin da ya yi aikin shi ne jikin da zai tashi. Ka ce kai majemi ne, ka san fatar da ta shigo da jini da wari ita ce dai take fita a gyare, ba a musanya ta da wata, kuma in akuya ta taɓa shiga ƙaya tabon yana nan. Ka ce shaida ba yawan magana ba ce, ka nuna wa mutum abin da yake akwai ya gani da idonsa. Ni da Saratu har mun haddace, muna kwaikwayonka a bayan idonka. Me ya sa abin da yaro ya haddace yake daɗewa bai shiga zuciyarsa ba?

Ban san ranar da na fara jin kunyar hannunka ba, amma na san ranar da ka gane. Ina aji huɗu a makarantar kwana, ranar ziyara. Ka taso daga aikin safe kai tsaye, ba ka ko biya gida ba, da kular gwaten da Mama ta ba ka tun da sassafe. Iyayen wasu sun zo da motoci. Da ka matso, wani ɗan ɗakinmu ya toshe hanci, wani ya tambaye ni ko wane ne wannan. Na ce wani ɗan garinmu ne, Babana ne ya aiko shi. Ba ka fi taku biyar daga wurin ba. Ka ajiye kular a ƙasa, ka zura hannuwanka biyu a aljihu, kuma a aljihun suka zauna har ka tafi. Ko kaina ba ka dafa ba da za mu rabu. Ka tambayi karatu, ka ce in riƙa yin addu'a, ka juya. Har ka bar duniya ba ka taɓa tayar mini da maganar ba. Ka ji ko ba ka ji ba? Na daɗe ina gaya wa kaina ba ka ji ba, amma mutum ba ya yin awa guda da hannu a aljihu a cikin zafin bazara haka kawai.

Ranar aurena da Rifkatu ma ni na nace sai ka sa babbar riga, na ce ta fi dacewa da uban ango. Hoton yana nan a falonmu. Kana tsaye kana murmushi, ba hannu ko ɗaya a waje. Da na samu aiki a kamfanin abinci a Bompai, a ɗakin gwaje-gwaje, ba wanda ba ka gaya wa ba a Challawa, har masu gadi. Ɗanka yana sa farar riga, ɗanka yana duba abin da mutane za su ci. Ni kuwa in abokan aikina suka tambaye ni sana'ar mahaifina, sai in ce yana harkar fata, in yi shiru in bar su su ɗauka kana loda tireloli zuwa Legas. Ban yi ƙarya ba, haka nake lallashin kaina. Na iya wannan irin gaskiyar ƙwarai.

Sai ciwon ƙodar nan ya kwantar da kai. Ka tuna ranar da Mama ta fita neman ruwan zafi, da rana tsaka, daga ni sai kai a gefen gadon asibiti? Ka ce in lokaci ya yi, ƙaninka Baba Markus zai zo da kwat da farar safar ƙafa da farar safar hannu, yadda mutanenmu suke shirya gawa. Ka ce ta ƙafa a sa maka, don ka ji an ce ƙasar garinmu akwai sanyi. Amma hannu a bar maka shi a buɗe. Na ce ka daina irin wannan magana, za ka warke. Ka ce ba wannan ka tambaye ni ba. Ka riƙe wuyan hannuna da ɗan ƙarfin da ya rage maka, sai da na ce to kafin ka sake ni. Bayan kwana tara ka tafi.

Da safen da muka je ɗakin ajiye gawa mu shirya ka, Baba Markus ya zo da ledarsa kamar yadda ka faɗa. Shi bai san alkawarinmu ba, al'ada kawai yake bi, ba shi da laifi. Mun sa maka kwat, mun ɗaura maka taye. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara, aka ce mutanen ofishinmu suna tafe a motar kamfani, har da manaja, za su same mu a gida kafin mu kama hanyar garinmu a Kudancin Kaduna. Na dubi hannunka a kan baƙin kwat ɗin. Sanyi ya ƙara fito da shuɗin, tsagar yatsun ta buɗe. Baba Markus ya miƙo safar, na karɓa. Ta hagu ta shiga ba gardama. Ta dama kuwa babban yatsan nan naka ya ƙi. Baba, sai da na danna shi. Na danna yatsan da ya ciyar da ni har ya shige, na gyara bakin safar, na harɗe maka hannuwa a ƙirji.

Da aka buɗe akwatin a tsakar gida, mutanen ofishinmu suka zagaya suna cewa ka yi kyau, kamar wani babban ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne daɗin da na ji a lokacin. Ubana yana kwance, ni kuma ina jin daɗin an yaba. Malam Habu ya daɗe a tsaye a bakin zaure kafin ya shigo. Ya tsaya a gefen akwatin, na lura ba fuskarka yake kallo ba. Sannan ya yi wa Mama ta'aziyya ya fita.

Tun daga ranar ban huta ba. Ka san aikina, kowace safiya sai na sa farar safa kafin in taɓa komai. Duk ranar duniya in babban yatsana ya shiga sumul, sai in ji naka yana turjewa. A coci in aka zo wurin da muke furta cewa mun gaskata da tashin jiki, sai bakina ya rufe, in tsaya ina motsa leɓe. Wane jikin na gaskata da tashinsa, wanda na ɓoye? Na yi ta yi wa kaina tambayoyin wauta. Ko yadin zai ruɓe kafin ranar tashin? Ni mai aikin gwaje-gwaje ne, na san zai ruɓe. Amma na san ba yadin ne matsalar ba. Ko Rifkatu ban gaya wa ba. Ta ga ina rama, ta ɗauka baƙin cikin rashi ne, ta yi ta dafa mini abin da nake so.

Da Ista ta matso, Fasto ya kira ni ya ce tunda wannan ce Galili ta farko da ba ka, kuma shekara da shekaru kai ke ɗaukar kujerun, ikilisiya tana so in tashi in ba da shaida a kan rayuwarka. Na amsa da sauri. Na zauna na rubuta shafi biyu da Turanci mai kyau: mutum mai ƙwazo, mai son zaman lafiya, uba na gari. Na karanta wa Rifkatu ta ce ya yi. Duk shafi biyun ba inda kalmar fata ta fito.

Ranar Asabar kafin Ista ba mu sa ran kowa ba, har Mama ta ce bana a bar kajin. Sai ga Malam Habu da wuƙarsa a naɗe a tsumma, a lokacin da ya saba. Ranar Lahadi da la'asar kuma ya dawo da ledar mangwaro, kayan aiki a jikinsa. Ashe ya je aiki. Ba wanda zai rama masa ranar Sallah yanzu, amma ya ce wa shugabansu a ba wani Kirista mutumin Filato da ke sashenku hutun, shi ƙafarsa ta riga ta saba da zuwa ranar. Mama ta kawo acca a kwanonku, ta ce in zauna a wurinka. Da ya miƙo hannu muka gaisa, sai na ji kaushin nan a tafina, da warin nan da na yi shekaru ina gudu. Na kasa sakin hannun. Shi ma bai janye ba.

Mun ci rabin kwanon kafin ya yi magana. Ya ce yana da tambaya, in ba zan ji haushi ba, don ba ya son shiga abin da ya shafi addinin mutane. Ya ce ranar da ya zo ganinka na ƙarshe, ya nemi abokinsa bai gan shi ba. Fuskar mamaci duk kusan ɗaya ce, shi hannun ya zo gani, hannun da ya yi shekara talatin yana miƙo masa fata. Ya ce kai da bakinka ka sha gaya masa a bakin teburi cewa a wurinku Almasihu ya tashi da tabon ƙusa a hannu, kuma kai ma da naka za ka tashi. Shi nasa addinin daban ya koya masa, kun kuma san haka ku biyun, amma ya riƙe maganar domin bai taɓa jin ka yi ƙarya ba. To da ya ga an rufe hannun, sai ya rikice. Ya tambaye ni ko addininmu ne ya ce a rufe, kai ne ba ka sani ba.

Kai ne fa mutumin da ya ce bakinsa bai iya taro ba. Ashe shekara talatin kana ba da shaidarka a kan teburin fata, ga mutum ɗaya, ba makirufo ba tafi. Ni kuma da yadi na 'yan naira na zo na sa masa shakka a kanta. Da na ce masa e, al'adarmu ce, da ya karɓa ya tafi, ba wanda zai sani. Maganar har ta zo bakina. Sai na ce masa a'a, Malam, ba addini ba ne, ni ne. Na gaya masa ka hana, na yi alkawari, na karya don kunyar mutanen ofis.  Bai yi mini faɗa ba, bai kuma ce ba komai ba. Ya ce to yanzu ya gane, abokinsa ya san abin da yake faɗa. Sannan ya tura mini sauran naman gabana, yadda kake yi.

Jiya aka je Galili. Wurin yana nan yadda ka bar shi, sai dai kogin ya ja baya sosai, kuma kujerun sai da aka yi ta neman masu ɗauka. Bayan waƙar mata Fasto ya kira sunana. Na tashi da takardata, na dubi layin farko, na ninke ta na sa a aljihu. Na yi magana da Hausa. Na ce ni Iliya ne, ɗan Yakubu majemi, wanda ya yi shekara talatin yana taɓa jiƙaƙƙiyar fata a Challawa da hannu tsirara. Na faɗi ranar ziyara, na faɗi babbar riga, na faɗi safar da yatsan da na danna. Wasu yara suna ta wasansu a baya, wata tsohuwa tana cewa a ɗaga murya ba ta ji. Na faɗi wa'azinka guda ɗaya, yadda kake faɗinsa. Na ce ban tsaya a nan don ni mutumin kirki ba ne, na tsaya ne don almajiran da Yesu ya aika su ba da shaidar tashin ma mutane ne da suka gudu suka bar shi, kuma bai fasa miƙa musu hannu ba. Daga nan ban san me na ƙara ba. Baba Markus, da ya zo mana Ista daga gida, ya rufe fuska da hularsa. Rifkatu tana kuka. Mama kaɗai ce ba ta ko motsa ba, tulunta a cinya, tana kallona kamar na zo mata da tsohon labari.

Da muka dawo gida da yamma ta kira ni ɗakinta. Na shiga ina jiran faɗan da na cancanta. Ta jawo akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga zannuwan zumunta, ta ciro wani abu fari ta ajiye mini a gwiwa. Safar hannu ce, guda ɗaya.

Ta ce ai ita ma ka gaya mata, tun kafin ka gaya mini. Da ta ga hannunka a rufe a tsakar gida ta gane abin da ya faru, amma ba za ta kunyata ɗanta a gaban baƙinsa ba. Sai da muka isa garinmu, a bakin kabari, da aka ce iyali su yi kallon ƙarshe kafin a buga murfi, ta sunkuya kamar mai yi maka raɗa, mayafinta ya rufe akwatin, ta zare ta. Da ɗan man kaɗanya a tafinta, ta shafa maka sau ɗaya. Ni ina tsaye a bayanta ina gaisawa da mutane, ban ga komai ba. Ta ce ɗaya kawai ta samu ta cire kafin masu murfi su matso, sai ta zaɓi ta dama. Na tambaye ta ta hagun fa. Ta ce in bar damun kaina, wannan hannun ai ya saba da safa tun a kamfani. Na tambaye ta me ya sa ta bar ni wata bakwai ina cin kaina. Ta ce tana jira ne in zo da ƙafata, kuma da ta gaya mini tun farko, da jiya takardar Turancin nan zan karanta.

Baba, na yi dariya ina kuka a ɗakin nan har Saratu ta leƙo. Ashe duk watannin nan da nake ganinka a rufe, kana kwance da hannun aikinka a buɗe a kan ƙirji, da maiƙon Mama a kai. Wannan bai wanke ni ba, na sani. Abin da na yi na yi shi. Amma yau da safe a Bompai, da wani sabon ma'aikaci ya tambaye ni ɗan wane ne ni, na gaya masa har da launin faratanka. Gobe in na tashi daga aiki zan biya Dorayi in nuna wa Malam Habu safar, ya san abokinsa yana nan yadda ya san shi. Na kuma yi niyyar ranar Sallah in je in tsaya a bakin ƙofar kamfaninku da abincin rana, ko da ban iya taɓa fata ba.

Ka yafe mini, Baba. Ba na tambayar ko ka ji abin da na faɗa ranar ziyara, na san ka ji. Ranar Lahadi mai zuwa in an zo wurin tashin jiki zan buɗe baki in faɗa da ƙarfi. Safar tana cikin aljihun farar rigata ta aiki, a nan za ta zauna. In ranar ta zo, a cikin taron nan da ba mai iya ƙirgawa, ba fuska zan bi ina dubawa ba. Ka ɗaga hannun dama kawai, zan gane ka. Ta hagun kuma kada ka cire, ka bar mini ita. Ni na sa, ni zan cire.

Ka huta lafiya, sai mun haɗu a Galili.

Ɗanka,
Iliya, ɗan Yakubu majemi